Ƙofar da Cif Kamfer Ya Ƙi

Ranar da za a yi taron tunawa da mijinta, Anti Doreen Kamfer ta tashi da ciwon gwiwa da ɓacin rai, ta rasa wanne ya fi damunta. Ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, ta kafa hula, ta zauna a falo tana jiran 'yarta Charmaine, tana hararar hoton marigayin da ke rataye a bango. A hoton yana cikin kakin sojan ruwa, ya haɗe rai kamar wanda aka ce ya yi murmushi ya ce sai umarni ya zo daga sama.

"Kai dai ka huta," ta ce wa hoton. "Ni ka bari da mahaukatanka."

Errol Kamfer a ƙarƙashin teku ya ƙarar da ƙuruciyarsa, cikin wani jirgin yaƙi mai nutso da ake kira Kabeljou. Shi ne babba a ɗakin inji, shi ya sa kowa ke ce masa Cif. Da jirgin ya tsufa aka ajiye shi, shi ma Errol aka sallame shi, Doreen ta ɗauka yanzu ne za ta ga mijinta a gida. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Jiragen uku ne iri ɗaya. Biyu aka sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, Errol ya je ya tsaya yana kallo ana daddatsa su, ya dawo yana hawaye ya ƙi cin abinci, mutumin da ko a jana'izar uwarsa ba a ga hawayensa ba. Daga nan ya rantse na ukun ba mai taɓa shi. Ya shiga wannan ofis ya fita wancan, ya tattaro tsofaffin abokan aikinsa suka kafa ƙungiya, har aka jawo Kabeljou daga ruwa aka ɗora shi a kan turakun siminti a bakin tashar Simon's Town, ya zama wurin da mutane ke zuwa kallo. Tun daga lokacin, kullum gari ya waye sai ya ɗauki kwanon abincinsa ya hau bas daga unguwarsu Ocean View ya tafi kankare tsatsa. Tsatsa kuwa a bakin teku, kafin ka gama da baya ta riga ta koma gaba tana jiranka.

A cikinsa ya mutu. Wata Talata ce, yana shi kaɗai can ƙuryar baya wajen injuna, zuciyarsa ta tsaya. Sai da rana ta karkata mai gadi ya lura bai fito ba. Jirgin ba shi da ƙofa, sai wata kafa a sama, zagayayya kamar bakin rijiya, da tsani a miƙe. 'Yan kwana-kwana ne suka ɗaura masa igiya suka jawo shi a tsaye kamar guga. Doreen ba ta gani ba, amma babu wanda bai ba ta labari ba a Ocean View, kowa da irin gishirin da ya ƙara.

Ita dai ba ta taɓa sa ƙafa cikin jirgin ba. Da farko fushi ne ya hana ta, daga baya gwiwa ta karɓi aikin.

A mota Charmaine ta ce, "Mami, don Allah yau dai ki riƙe bakinki."

"Tun kafin a haife ki nake riƙe da shi. Me na samu?"

"Mutane sun zo ne don girmama Dadi."

"Sun zo cin fanken koesista da shan shayi dai. Ki zuba ido ki ga wanda zai rage bayan an kwashe faranti."

Ko gama fitowa daga mota ba ta yi ba sai ga Sakkie Labuschagne ya taso yana ɗingishi. Abokin Errol ne tun suna samari a jirgin, wani zabgegen tsoho mai jan hanci, ya matse cikin shuɗiyar kwat da ta daina rufuwa tun tuni.

"Doreen, tsaya, akwai magana."

"Ko gaisuwa babu, Sakkie? A jirgin aka bar muku tarbiyyar?"

"Yi haƙuri. Ya gwiwar?" Bai jira amsa ba ya matso kusa, warin taba ya doki hancinta. "Haldane zai yanka ƙofar. Yau zai sanar a gaban kowa. Kuma kin san abin takaicin? Sunan Cif zai sa mata."

Maganar ƙofar nan Doreen ta sha ta har ta ƙoshi. Shekaru ita ce miyar da ake ci da ita a teburinta. Kwamanda Rupert Haldane, shugaban ƙungiyar, so yake a fasa haƙarƙarin jirgin a yi ƙofa mai faɗi, masu yawon buɗe ido su riƙa shiga a tsaye ba sai sun hau sama sun sauka ta tsani ba. Errol kuwa ya ce sai dai bayan ransa. Jirgin nutso mai ƙofa a gefe, in ji shi, ba jirgi ba ne, akurki ne. Shi Haldane a bakin tebur ya yi aikin sojansa, a ofishin raba kaya, Errol yakan ce ruwan da ya fi sani shi ne na bahon wankansa. Sun ba shi shugabanci ne don ya iya cin abinci da manya bai zubar da miya a riga ba.

"To ga shi bayan ran nasa ya zo," in ji Doreen.

"Ke kaɗai za ki iya taka masa burki. In matar Cif ta miƙe a gaban jama'a ta ce a'a, magana ta mutu."

Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Ina kake ranar Talatar nan, Sakkie?"

"Haba Doreen..."

"Ku biyu kuke aikin jirgin duk Talata. Ni nake zuba abinci, na san ranar da nake ƙara kifi saboda bakinka. Ina kake?"

"Ƙafata ce ta kumbura, kin sani."

"Ta kumbura ta ƙi kai ka jirgi, amma ta kai ka mashaya." Ta gyara jakarta a hannu. "Matsa in wuce. Yanzu kuka san yana da mata."

An kafa rumfa a gindin jirgin, iskar kudu maso gabas tana ta fizgarta kamar za ta tafi da ita. Kabeljou yana bisa kansu, baƙi wuluk, dogo, ba kai ba wuya. Doreen ta ɗaga ido ta dube shi sau ɗaya ta kawar. Aka zaunar da ita a layin gaba, kusa da wata kansila da ta riƙe hannunta ta ce mata "Misis Kemp" sannan ta koma kan wayarta. A baya tsofaffin matuƙan ne cikin kwat iri ɗaya, in suka motsa lambobin yabo su yi ta ƙara kamar ɗaurin mabuɗai. Rabinsu ba ta taɓa ganin sun riƙe burushin fenti ba. A ƙarshen layi an tura wani tsamurarren tsoho a keken guragu, bargo a cinyarsa. Ta gane shi, Oom Petrus Jantjies ne, wato Kawu Petrus, wanda ya yi musu girki a jirgin tun Errol bai fara aski ba. Shi ko kallon rumfar ba ya yi, idonsa na sama, a kan jirgin.

Fasto ya yi addu'a, iska ta kwashe rabi. Wani ya busa begila ta shaƙe masa a tsakiya. Sannan Kwamanda Haldane ya hau, cikin fararen kakinsa da aka yi wa guga har suna ɗaukar ido, da furfura a taje, da murya irin ta masu karanta labarai.

"Ni da Errol," ya ce, ya dafa ƙirji, "kamar ciki ɗaya muka fito."

"Allah ya jiƙan uwar da ta ɗauki cikin nan," in ji Doreen ƙasa-ƙasa. Charmaine ta taka mata ƙafa.

Ya faɗi yadda Errol yake da sauƙin kai. Ya faɗi yadda yake da fara'a da son baƙi. Doreen ta fara tunanin ko taron wani aka kawo ta. Mijinta da ya taɓa korar ayarin baƙi sukutum daga jirgin don ɗayansu ya manna cingam a jikin bututu. Mijinta da in ka ce masa ina kwana sai ya duba sama ya tabbatar. Su kuwa tsofaffin sai gyaɗa kai suke, wasu har da fito da hankici.

Can Haldane ya rage murya. Ya ce kowa ya san yadda suka rasa Cif, kowa ya san wahalar da aka sha kafin a fito da shi. 

"Da akwai ƙofa a jikin jirgin nan," ya ce, "wataƙila da yau yana zaune a cikinmu."

Ya ja wani kyalle da aka rufe allo da shi. Zanen jirgin ne, da ƙofa fayau a haƙarƙarinsa, da wata shimfiɗaɗɗiyar hanya mai hawa zuwa gare ta, an zana 'yan mutane suna shiga suna dariya. A saman ƙofar an rubuta sunan Errol da manyan baƙaƙe. Kansila ta ɗago ta yi tafi, na kusa da ita suka bi. Daga layin baya aka ji Sakkie ya danna wata ashariya da ba a faɗa a gaban fasto.

Doreen ta ji kunnuwanta sun ɗauki zafi. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutumin nan ya kasa ka da Errol yana raye, shi ne ya jira har aka jawo shi da igiya, ya ɗauki igiyar ya mai da ita hujja.

"Yanzu," in ji Haldane, ya miƙo mata hannu yana murmushi, "zan so Misis Kamfer ta zo ta sa mana albarka da kalma ɗaya ko biyu."

Ta miƙe a hankali, ta ƙi karɓar hannun. Da ta isa gaban abin magana ta duba jama'a. Bangaren Sakkie sun zuba mata ido kamar karnukan da suka ga an ɗaga ƙashi. Bangaren Haldane kuma sun shirya tafi.

"Kwamanda," ta ce, "ni ban taɓa ganin cikin abin nan ba. Ba na sa albarka a abin da ban gani ba, ba na kuma tsine masa. Zo ka nuna mini."

Haldane ya ɗaga kai ya dubi jirgin.

"Yanzu, Misis Kamfer?"

"Da yaushe? In na mutu?"

"Tsanin yana da haɗari ƙwarai, musamman ga..."

"Ai shi ya sa za ka wuce gaba. In na faɗo in samu abin faɗawa a kai."

Wani daga baya ya ƙyalƙyale da dariya, ya mai da ita tari. Charmaine ta taso tana cewa, "Mami, gwiwarki," Doreen ta miƙa mata jaka ta ce, "Riƙe wannan, in kina son taimako."

Hawan matakalar ƙarfe zuwa bayan jirgin kaɗai ya kusa ƙarar da ita. Tana hawa tana hutawa, iska na kaɗa rigarta, jama'a a ƙasa sun ɗaga kai suna kallo, ita kuwa ko a jikinta. A sama ta cire hular ta ba Charmaine. Sakkie, wanda ƙafarsa ta warke nan take, shi ya fara zurawa. Haldane ya tsaya a bakin kafar yana leƙawa, ya dubi fararen kayansa, ya dube ta.

"Bismillah, Kwamanda. Ai gidan ɗan'uwanka ne."

Ya shiga, tumbinsa na gogar ƙarfe. Ita kuma ta juya baya yadda Sakkie ya ce, ta lalubi matakin farko da ƙafa, ta sauka ɗaya bayan ɗaya tana cije leɓe.

Abin da ya fara tarbarta wari ne. Man dizal, da tsohon gumi, da fenti, da wani ɗanshi na ƙarfe. Ta san shi farin sani. Shi ta yi ta wankewa daga rigunan Errol tun tana amarya, shi ke jikin matashin kansa har yau. Ba ta taɓa zaton wari yana da gida ba, sai ga ta a tsaye a tsakar gidansa.

Wurin matsattse ne, ko'ina bututu da wayoyi da 'yan agogunan awo. In ka miƙe ka bugi kai, in ka juya ka bugi gwiwar hannu. Amma tsab yake. Kowane ƙarfen tagulla na sheƙi, kowane kusa an goge shi, babu ɗigon mai ko ɗaya a ƙasa. Doreen ta bi ko'ina da ido, bakinta ya taɓe.

"Ashe ka iya gyara," ta ce. "Rufin kicin ɗina na yoyo tun Charmaine na makaranta."

"Me kika ce?" in ji Sakkie.

"Ba da kai nake ba. Wuce mu je."

Suka bi ta wani lungu mai gadaje jere a bango, ɗaya bisa ɗaya kamar kantar shago, kowanne da ɗan labule. Doreen ta tsaya cak. Ta kama labule ɗaya ta murza a yatsu. Fari ne mai furanni rawaya.

"Sakkie. Ina aka samo wannan yadin?"

"Cif ne ya kawo. Ya ce tsumma ne da ba a amfani da shi a gida."

"Tsumma." Ta ja numfashi. "Mayafin tebur ɗina ne na Kirsimeti. Yayata ta ba ni ranar aurena. Na ɗaga gida sama da ƙasa ina nema. Na ce Anti Poppie ta maƙwabta ce ta cire shi daga igiyar shanya, muka shekara ba ma gaisawa. Yana zaune yana shan shayi ina zagin matar nan, bai ce uffan ba."

Sakkie ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

"Dariya kake?"

"Wallahi a'a. Ƙura ce."

Haldane dai tun da suka shigo yake haki. Gumi ya jiƙa masa wuya, wani baƙin layi ya ratsa farar rigarsa daga kafaɗa zuwa ciki. A bakin wata zagayayyar kafa da ake sunkuyawa a wuce, ya buga goshi har hularsa ta faɗi.

"Kin gani ko, Misis Kamfer," ya ce yana dafe da wurin, "abin da nake faɗa ke nan. Ina ganin mun ga abin da ya isa."

"Ban ga inda mijina ya mutu ba. In ka gaji zauna, ba wanda zai rubuta."

Ƙuryar baya ta fi ko'ina zafi. Injuna biyu ne manya, da ɗan siririn wuri a tsakaninsu. A bangon hagu an fara shafa sabon fenti ruwan toka, ya tafi santal har tsakiya, sai layin ya karkace ya gangara ƙasa ya tsaya. Gwangwanin fentin na nan a gefe, burushin ya bushe a ciki. Akwai wata 'yar kujera, da ƙaramar rediyo, da kofinsa mai tsagaggen baki.

"Ban bari kowa ya taɓa ba," in ji Sakkie.

Doreen ta zauna a kujerar, don gwiwar ta ce ba za ta ƙara ba. Ta daɗe tana kallon inda fentin ya karkace. A nan ya kwanta tun hantsi har rana ta juya, rediyo na yi wa gawarsa labarin ƙwallo. Ta so ta ji tausayi tsantsa, irin wanda ake so a ga gwauruwa ta ji, amma sai ya zo mata gauraye da haushi. Namiji ya bar gado mai laushi, ya bar jikoki, ya bar mace mai dafa masa kifin snoek da dankali, ya zo ya mutu a cikin bututu yana yi wa bango kwalliya. Ta ɗauki kofin ta juya shi a hannu. Ya ma wanke shi. A gida bai taɓa wanke ko cokali ba.

"Wawa," ta ce a hankali, ta ajiye kofin daidai inda ta ɗauke shi.

Fita ta fi shiga wuya. A tsakiyar tsani gwiwar dama ta ƙi lanƙwasawa, ta maƙale, ba gaba ba baya. Sakkie ya sa kafaɗa a ƙarƙashin ƙafarta yana nishi, Charmaine ta zuro hannu daga sama tana kiran "Mami, kamo ni." Doreen ta ɗaga kai. Sama ta zama wani ɗan fari zagayayye can nesa, ƙarfe ya kewaye ta ta ko'ina, sanyinsa a kumatunta. Ta nan aka jawo shi, kansa na rinjaya, takalmansa na bugun matakai. A nan, inda ba mai ganin fuskarta, kuka ya kufce mata, irin wanda bai zo mata ba ko a bakin kabari. Ta bar shi ya yi abin da zai yi. Sannan ta goge fuska da kafaɗar riga, ta ce, "Tura mana, Sakkie, ko abincin da na ba ka duk a banza ya tafi?"

Da suka sauko, jama'a na nan, sai dai an riga an far wa teburin shayi. Doreen ta karɓi hularta ta mayar, ta nufi abin magana da baƙin mai a gefen riga. Haldane na biye da ita, goshinsa ya yi ƙulu.

"Na gani," ta ce. "Ku yanka ƙofarku."

Sakkie ya buɗe baki. Wani a bayansa ya ce, "Kai!"

"Ku yi mini shiru, ban gama ba. Errol ya yi kuskure a maganar nan, kamar yadda ya yi a maganganu da yawa, ni na zauna da shi na sani. Taurin kai gare shi kamar jaki a bakin gada. Ga Oom Petrus can. Ya ciyar da ku duka a cikin abin nan, yau rabonsa da ganin murhunsa tun kafin ya hau keken nan. Wa ya taɓa tambayarsa a cikinku ko yana so ya shiga? Kuna ta faman jirgi ba akurki ba ne. To jirgin da ke zaune a kan siminti tsuntsaye na yi masa kashi, ina za shi da za a ce kar ruwa ya shiga?"

Haldane ya fara tafi, fuskarsa ta washe. Ta juyo ta dube shi har hannuwansa suka tsaya da kansu.

"Kai kuma, Kwamanda. Likita ya gaya mini kafin Errol ya kai ƙasa ya riga ya cika. Ko ƙofar coci ka yanka a jikin jirgin nan ba za ta dawo da shi ba, kuma ka sani, don kana tsaye aka faɗa. Ka tsaya a gaban matarsa da 'yarsa ka yi ƙarya da gawarsa. Ba ku fito ciki ɗaya ba. Sunan da yake kiranka da shi a gidana ba zan faɗa ba saboda Fasto. Ka yanka abin da za ka yanka, amma ka cire sunan mijina daga kai. Ya ƙi ta yana raye, ba za ka sa shi gadinta yana matacce ba. In suna kake nema, ai kana da naka, kuma na ga kana son sa."

Ta saki abin maganar ya yi ƙara. Babu wanda ya yi tafi, sai Oom Petrus da ya buga hannun kekensa sau biyu yana wata dariya marar haƙora. Kansila ta tambayi na kusa da ita ko an gama.

A hanyar komawa Charmaine ta yi ta tuƙi har suka bar gari. Can ta ce, "Na ce ki riƙe bakinki."

"Na riƙe ai. Ba ki ji abin da na bari ba."

Bayan 'yan watanni aka yanka ƙofar. Ba a sa mata sunan kowa ba. Haldane ya haƙura da wani allon tagulla a bakin shiga harabar, inda aka jera sunayen 'yan kwamiti, nasa a sama da baƙaƙe masu ƙiba. Tsofaffin matuƙan suka ɗauke wa Doreen gaisuwa, in sun hango ta a kanti su shige layin sabulu. Ita kuwa ta ce Allah ya ƙara nisa. Ta dafa koesista ta kai wa Anti Poppie, ta ba ta haƙurin da ya makara, Poppie ta ci ta ce ita ta manta, alhali ba ta manta ba.

Wata Asabar da hantsi sai ga tsohuwar motar Sakkie ta akori-kura a ƙofar gida, bayanta ya duƙa ƙasa don nauyi. Ya fito ya cire hula. A bayan motar ga wani lanƙwasasshen baƙin ƙarfe, kaurinsa ya kai tafin hannu, gefensa duk ƙunar wuta.

"Mene ne wannan kuma?"

"Daga inda aka yanka ne. Na roƙi masu aikin suka gutsuro mini." Ya murza hular a hannu. "Mun yi shawara da yaran. Muna so mu kafa shi a kan kabarin Cif. A rubuta sunansa a jiki. Ya tafi da wani abu na jirginsa."

Yaran da yake nufi, ƙaraminsu ya ba saba'in baya. Doreen ta fito ta zagaya motar, ta ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa.

"Sakkie, mutumin nan duk rayuwarsa ƙarfe ne a bisa kansa. Yanzu da ƙyar na samu ciyawa ta fara fitowa a wurin. Ku bar shi ya sha iska."

"To ya zan yi da shi? Ba ya ɗaguwa sai da mutum huɗu."

"Kai wa matarka. Ta ɗanɗana ita ma."

Ya tsaya yana kallonta kamar zai yi fushi, sai kuma ya share hanci da bayan hannu.

"Oom Petrus ya shiga, kin ji? Jikarsa ta tura shi har kicin. Ya ce an canza masa wurin tukwane, ya zage mu tas."

"Ya yi daidai." Ta juya za ta koma ciki, ta tsaya a bakin ƙofa. "Akwai shayi a kan wuta. In za ka shigo ka goge ƙafa, kuma kar ka zauna a kujerarsa."